Turanci yana kaina amma baki ya ƙi buɗewa, ga Oga ya hana ni bidiyo kol

Saƙon wata 'yar uwa ne, na ɗan rage shi saboda tsawo, ta kuma roƙi a sakaya sunanta.

"Assalamu alaikum Anti, dan Allah shawara nake nema. Ni ma'aikaciyar jinya ce, ina da aure da yara biyu. Ina so in yi rajista da hukumar ma'aikatan jinya ta Ingila, na zauna jarrabawar Turanci ta IELTS har sau biyu, karatu da sauraro da rubutu duk na samu abinda ake so amma ɓangaren magana 6 nake samu, su kuma 7 suke nema. Wallahi Anti Turancin yana kaina, kullum da shi nake rubuta rahoto a wajen aiki, amma da na zauna gaban mai jarrabawa ya ɗago ya kalle ni sai bakina ya mutu, in ta inda-inda, zufa har cikin hijabi. Wata abokiyar aikina ta ce in sauke manhajar da ake hira da Turawa ta bidiyo, na sauke ban faɗa wa Abban yara ba. Na farkon da na samu mutumin kirki ne, na biyu kuwa ko minti biyar ba a yi ba ya fara cewa in cire hijabi ya ga gashina, na kashe. Washegari ya turo saƙo har da su alamar zuciya, ashe wayar tana hannun Oga. Anti ranar an yi ta. Yanzu ya ce ko da wasa kada ya sake ganin na buɗe kyamara da wani, in bazan iya cin jarrabawar da littafi ba in haƙura. Kuma fa shi ya biya min kuɗin zaman farko. Ƙawata ta ce in dinga yi a asibiti lokacin nait duti tunda ba zai sani ba. Kuɗin jarrabawar nan ba kaɗan bane, bana so in sake zubar da su. Ya zan yi?"

Wa alaikumussalam ƙanwata, sannu da ƙoƙari. Bari in fara da shawarar ƙawarki tunda ita ta fi tsaya min a rai: kada ki yi. Ko kusa. Mutumin da ya kama saƙo ɗaya a wayarki yanzu idonsa a buɗe yake, kuma waya bata iya riƙe sirri, ko datar da zata dinga ƙarewa da wuri ta isa ta tona ki. Ranar da ya gane kin koma a ɓoye bayan ya hana, maganar ta tashi daga jarrabawa ta koma ta amana, ita kuwa wannan gyaranta ya fi cin 7 wahala nesa ba kusa ba. Sannan ki duba ta fuskar aikinki. Ki kunna kyamara a wod cikin dare, fuskar majinyaci ta gifta ko a ji muryarsa yana nishi ko a hango suna a jikin fayil, wani baƙo a wata ƙasa yana kallo? Ita hukumar da kike son shiga ɗin, wato NMC, sirrin majinyaci yana cikin abubuwan da bata wasa da su sam. Kuma ko an bar duk wannan, wace irin koyon magana za a yi da raɗa, ido ɗaya a ƙofa kina tsoron shigowar metiron? Tsoro ne ciwonki tun farko, sai ki je ki ƙara masa wani tsoron a kai.

Abu na biyu, bazan ɓoye miki ba, Abban yara bai yi ƙarya gaba ɗaya ba. Abinda wancan ɗan iskan ya yi miki ba tsautsayi bane da ya faɗo kanki ke kaɗai, haka wuraren nan da ake haɗa mutum da duk wanda ya faɗo suke, da yawa daga mazan da ke ciki ba yare suka zo koya ba. Akwai wani shahararren dandali mai suna Omegle da aka buɗe a 2009, aikinsa kenan haɗa baƙo da baƙo ta kyamara, a Nuwamban 2023 mai shi ya rufe shi bayan ƙorafe-ƙorafe da shari'a kan irin ɓarnar da ake yi a ciki. Kuma yanzu kowace waya tana iya naɗar abinda ke kan fuskarta ba tare da kin sani ba, a yanka a haɗa, a dawo ana miki barazanar sai kin turo kuɗi ko a watsa. Ki ɗora kanki a matsayinsa, ya ɗau wayar matarsa ya ga ƙato yana turo zuciyoyi, kuma bai ma san da zancen manhajar ba. Ki ba shi haƙuri kan ɓoyewar, haƙuri na gaske ba wanda ake bayarwa ana murguɗa baki ba. Amma kan ɓoyewar kawai. Neman ki iya magana ba laifi bane, kada ki bari a haɗa miki su biyun a ƙulli ɗaya.

Inda shi kuma ya kuskure shi ne cewa littafi zai fitar da ke. Ba zai fitar ba, da zai fitar da tuni ya fitar, ke da kika ci karatu da rubutu. Akwai wata malama a Kanada, Merrill Swain, da ta yi nazari kan yara masu jin Turanci da aka sa a makarantun da ake koyar da darussa da Faransanci. Shekara da shekaru suna sauraro suna karantawa, fahimtarsu ta yi kyau ƙwarai, amma in aka zo magana da rubutu sai a ga har yanzu da saura. A 1985 ta fito da bayanin cewa ji da karatu kaɗai basa isa, sai an tura mutum ya furta da kansa, domin a lokacin da kake ƙoƙarin faɗar abu ne kake gane inda ramin yake. Ke ma kin san wannan daga aikinki. Sa kanula ai kin karanta shi a makaranta kin ci a takarda, amma ranar farko da aka miƙo miki hannun yaro yana tsala ihu uwarsa na tsaye a kanki, hannunki bai yi rawa ba? Yau kuma kina sawa kina hira. Ba wani sabon littafi kika karanta a tsakani ba.

To me yasa sai da kyamara, ba za a yi da murya kawai ba? Saboda ke da bakinki kika faɗi ciwon: "ya ɗago ya kalle ni". Ba kalmomi kika rasa ba, idon mutum ne yake ɗaure ki. Jarrabawar maganar nan minti 11 zuwa 14 ce, ke da mutum ɗaya ido cikin ido ana naɗar muryarki, a wasu cibiyoyin ma ta kiran bidiyo ake yinta, mai jarrabawar yana wani gari ke kina gaban kwamfuta. In kullum a saƙon murya kike gwaji, inda in kin yi tuntuɓe zaki goge ki sake, to kin koyi wani abu ne daban da wanda za a tambaye ki. Sai kin saba da yin kuskure wani yana kallonki, ki ga ba a mutu ba, ki ci gaba da jimlarki.

Akwai kuma amfani na biyu da ya shafe mu musamman mu Hausawa. Kin san tsiyarmu da p da f, da v da b, ga kuma th ɗin nan da muke mayarwa z ko s. Ba rashin ilimi bane, harshenmu ne bai raba p da f ba, shi yasa zaki ji farfesa guda yana juya su. Kunnenki ba lallai ya kama bambancin ba tunda bai taso da shi ba, amma ido yana kamawa: a p leɓɓa biyu ke haɗuwa su fashe, a f haƙoran sama ke sauka kan leɓen ƙasa. Malama a kyamara zata nuna miki bakinta, ta kalli naki ta ce a'a sake. A waya ba hoto wannan gyaran yana da wuya. Amma dan Allah kada ki ce zaki koma magana ta hanci kamar 'yar Landan, babu wanda ya nemi wannan, duk karin harshen da kika zo da shi karɓaɓɓe ne matuƙar ana gane ki ba da wahala ba. Na sha jin 'yan mata sun shaƙe murya suna wani lanƙwasa harshe, a ƙarshe ba Bature ya gane ba Bahaushe ya gane.

Abu huɗu ake dubawa a jarrabawar maganar: yadda maganar ke gudana a haɗe ba yawan tsayawa, yalwar kalmomi, nahawu, da furuci. Daga yadda kika bayyana kanki inaga na farkon ne ke jan ki ƙasa, kuma in ya faɗi yana jan sauran, don wadda ta yi shiru ba a ji kalmominta ba balle a ba su maki. Tsakanin 6 da 7 ba manyan kalmomin ƙamus bane. Mai 7 tana iya jan magana da tsawo ba tare da an ga tana kokawa ba, tana kuskure nan da can amma jimloli da yawa suna fita lafiya. Kuma ki guji haddar amsa, irin waɗanda ake rabawa a guruf-guruf, an horar da masu jarrabawar su gane hadda, da sun ji sai su sauya tambaya su bar ki a tsaye.

Yanzu mu dawo gida, don duk dabarar da zan baki in Oga bai yarda ba aikin banza ce. Kada ki tare shi da zancen yana shigowa, ko a gaban yara, ko ki fara da "ai matar wane ma mijinta ya barta". Ki bari ya ci ya huta. Bayan haƙurin, kada ki roƙi "ka barni in dinga bidiyo kol", wannan kalmar yanzu hoton wancan mutumin take kawo masa. Ki zo masa da abu a tsare: mace ce zata koya min, ga sunanta ga hotonta ga bidiyon da ta gabatar da kanta, kai zaka taya ni zaɓa ma, a falo zan yi ba a ɗaki ba, ranar kaza da kaza ƙarfe kaza, kana iya zama ka ji, ga fasuwod ɗin, kuma na wata uku ne zuwa jarrabawa. Mutum yana iya ƙin abu mara iyaka ya karɓi wanda aka yi wa shinge. Ni ba malama bace bazan yi miki fatawa ba, amma mace da mace, da hijabinki, a falon mijinki da saninsa, ban ga inda mai ƙorafi zai kama ba.

Sai dai akwai wata tambaya da nake so ki yi wa kanki kafin ki yi masa. Wannan "in bazaki iya ba ki haƙura" da ya faɗa, kyamarar ce kawai ko tafiyar ce gaba ɗaya ta fara ba shi tsoro? Eh shi ya biya na farko, amma biyan kuɗin jarrabawa lokacin da abin yake nesa daban, ganin ya matso daban. Kun taɓa zama kun yi maganar nan filla-filla? Shi zai bar aikinsa ko kasuwarsa ya bi ki, ya je ya zama wanda ya shigo a takardar matarsa? Ko ke zaki tafi ki barshi da yara, na shekara nawa? Hajiyarsa ta sani, me ta ce? Abokansa a majalisa me suke faɗa masa game da matan da suka je Turai, don kin san ba alheri suke faɗa ba. Maza da yawa basa iya buɗe baki su ce ina tsoron in rasa matsayina a gidana, sai su kama wani ƙaramin abu su riƙe gam, ke kuma kika miƙa masa abin riƙewa a faranti. In wannan ne, ko malamar da kika kawo tsohuwa ce mai jikoki zai samo wani dalilin. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, ki tambaye shi kai tsaye cikin ladabi: Abban wane, tafiyar nan har yanzu kana so ko ranka ya sauya? Amsar ka iya yi miki ɗaci amma gara ki ji ta yanzu da ki ci 7 ki zo ki ji ta a bakin biza. Sakamakon ma shekara biyu yake yi ya mutu, kinga ba abin ci a ajiye bane.

Mu ɗauka ya ce yana so, tsoron 'yan iska ne kawai. To ga yadda zan so ki bi.

Ki fara da kyamarar da ba kowa a bayanta, wannan ko yau zaki iya, ba wanda zai hana. Ki jingina waya, ki kunna kyamarar gaba, ki ɗauki tambaya irin ta kashi na biyu na jarrabawar maganar, wanda ake baki kati da minti ɗaya na shiri sannan ki yi magana har minti biyu ba a katse ki ba. Ki naɗa, ki kalla. Zaki ji kunyar kanki, kowa ma haka yake ji, ki daure. Ki lura da inda kike tsayawa da abinda kike cike gurbi da shi, da inda idonki ke gudu. Akwai dabarar da malaman harshe ke kira 4/3/2, Paul Nation na jami'ar Victoria a New Zealand yana cikin waɗanda suka yi nazari a kanta: labari ɗaya zaki bayar cikin minti huɗu, ki sake shi cikin uku, ki sake cikin biyu. A zagaye na uku kin daina neman abin faɗa, bakin ne kawai ke gudu, wannan gudun shi muke nema. Asalinta da masu sauraro daban-daban ake yi amma ko ke kaɗai tana aiki.

Daga nan ki nemi mace wadda kika sani. Ba dole sai Baturiya ba, wannan tunanin ne ma ya kai ki inda kika je. A cikin 'yan ajinku na makarantar jinya ba za a rasa wadda ke shirin jarrabawar nan ba ko wadda ta riga ta tafi, ko abokiyar aiki Bayarabiya ko 'yar Ibo da bata jin Hausa sosai, ita ce ma ta fi don ba inda zaki gudu. WhatsApp ya ishe ku. Amma ku sa doka, don na san halinmu, minti uku za a yi ana Turanci sai wata ta ce "ke kin ji abinda ya faru a wod ɗinmu kuwa", shikenan an koma Hausa an kwashe awa ana gulma. Minti 20, ɗaya ta zama mai jarrabawa da agogo a hannu fuska ba fara'a, ɗaya ta amsa, ku juya. Gaisuwa da hira sai bayan an gama. Sau huɗu a sati na minti 20 ya fi awa uku ranar Lahadi. In tana Ingila lokacin ma ba matsala, daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Oktoba agogonmu ɗaya da su, sauran watannin muna gabansu da awa ɗaya, sai dai ki yi mata uzuri don masu aikin can a gajiye suke dawowa.

Ƙawa zata cire miki tsoro amma bazata iya ce miki wannan 6 ne wannan 7 ba, nan ne kuɗi zai ɗan fita. A manhajoji irin su italki da Preply ke kike zaɓar mai koyarwa, kina ganin bidiyonta da farashinta da abinda ɗalibai suka rubuta a kanta kafin ki biya. Ki nemi mace wadda ta rubuta cewa shirya mutane wa IELTS ne aikinta, ba mai hira kawai ba. Malamai daga Filifin da Afirka ta Kudu da Kenya galibi sun fi na Ingila da Amurka sauƙin kuɗi kuma da yawansu sun san jarrabawar ciki da bai. Ki lissafa lokaci, Afirka ta Kudu na gabanmu da awa ɗaya, Kenya biyu, Filifin bakwai, wato bayan isha'inmu a Filifin tsakar dare ne, sai dai ki kama ta da safe ranar da kike of. Ki sayi darasi ɗaya na gwaji tukuna kada ki zuba kuɗin goma a kan wadda baki sani ba, kuma ki fara gwada ko katinki na naira zai wuce don da dala ake biya, wani katin yana ƙi. Ranar farko ki gaya mata a fili: na zauna sau biyu na samu 6, ina neman 7, ki yi min jarrabawar gwaji, kada ki katse ni in ina magana, ki rubuta kurakuraina ki bani a ƙarshe. In kika ga malama ita ke cinye rabin lokacin da surutu, ko komai kika faɗa ta ce madalla, ki sauya ta, kuɗinki ne. Sau ɗaya a sati ya isa in kina yin sauran.

Su kuma manhajojin musayar yare na kyauta irin su Tandem da HelloTalk, tsarinsu shi ne ki koya min naki in koya miki nawa, a raba lokaci biyu. Tsarin mai kyau ne, akwai masu amfana. Amma me zaki bayar? Ana koyar da Hausa a wasu jami'o'i a Jamus da Folan da Sin, sai dai masu nemanta a irin wuraren nan 'yan kaɗan ne, mai Turanci yawanci Sifaniyanci ko Faransanci ko Japananci yake nema. To in baƙo ya nace sai ya koya miki kyauta alhali baya son komai na yarenki, ki tambayi kanki me yake so. A halin da gidanki ke ciki yanzu ni dai na ce ki bar su gaba ɗaya.

Kayan aiki ba wani abu bane, ba sai kin sayi laftof ko kyamara ta daban ba. Ki ɗora wayar kan littattafai ta zo daidai idonki, kada ki riƙe a hannu. Haske ya kasance a gabanki, in taga na bayanki baƙi ƙirin za a ganki. Iyafis mai waya na 'yan kuɗi kaɗan ya fi lasifikar wayar, balle in janareton maƙwabta na ruri. Bidiyo na cin data, ki ƙiyasta kamar rabin giga a awa, ya fi ko ya gaza gwargwadon ingancin hoton, ki rage ingancin a saitin in ta yi miki yawa. Zoom na kyauta yana yankewa a minti 40. Ki cika caji tun da rana kada ki dogara da NEPA. Kuma in kin lura kanki kike ta kallo kina gyara hijabi maimakon ki kalli malamar, ki ɓoye ɗan hoton naki, Zoom yana da wajen yin haka.

Ko da mace ce, bango kawai za a gani a bayanki, ba hoton yara ba kalandar wajen aiki. Kada ki ba da lambar wayarki ko unguwarku ko sunan asibitinku, komai ya tsaya cikin manhajar, duk wadda ta ce ku koma gefe ki biya ta kai tsaye ki ƙi. In zaki ba da misali daga aiki ki sauya komai yadda ba mai gane majinyacin. Wanda kuma ya zo miki da zancen yana da hanyar gyara sakamako ko satifiket ba zama, ɓarawo ne, kuma in aka kama na jabu ke za a hukunta ba shi ba.

Wani abu da zaki gaya wa Oga tun yanzu: ranar jarrabawa ba ke ke zaɓar wanda zai yi miki ba, yana iya zama namiji, ƙila ma waɗanda suka yi miki a baya maza ne shi yasa abin ya fi ɗaure ki. To wa ya fi dacewa ki saba amsa tambayar namiji a gabansa? Shi. Ki miƙa masa katin tambayoyi da agogo, ya zauna can gefen tebur ya haɗe rai ya karanto, ko ya kira ki ta bidiyo daga shago ko ofis lokacin da ba mutane. Ba sai Turancinsa ya kai naki ba, karantawa kawai zai yi ya kalle ki. Zaku yi dariya ranar farko, ba komai. Ni a ganina wannan ya fi duk wani lallashi, don wanda aka sa a cikin abu da hannunsa ba kasafai yake yaƙarsa ba, kuma da kunnensa zai ji inda kike maƙalewa ya gane ba yawon intanet kika fita ba.

Ki kuma duba OET kafin ki sake biyan IELTS. Jarrabawar Turanci ce ta ma'aikatan lafiya, NMC tana karɓarta, ana neman B a magana da sauraro da karatu, C+ a rubutu. Ɓangaren maganarta wasan kwaikwayo biyu ne na kamar minti biyar-biyar, ke nas, ɗayan majinyaci ko ɗan uwansa, ki yi masa bayani ki kwantar masa da hankali. Wadda ke daskarewa in an ce ta yi bayanin wani gini da ya burge ta tana iya sakewa in aka ce ta lallashi mai ciwon suga ya dinga shan magani, tunda aikinta ne na kullum. Ta fi tsada dai, kuma sai kin sake dukkan ɓangarorin da kika riga kika ci a can, don haka ki gwada samfurinta da malamar ku auna. Ki leƙa shafin NMC da kanki ki karanta sharuɗɗan na yanzu, suna sauyawa, kada ki dogara da abinda ejan ko 'yan guruf suka ce.

In kuma duk kin yi wannan ya ce shi dai ba kyamara, ko da mace, to kada ki yi fito-na-fito kuma kada ki koma ɓoye. Naɗar kanki tana nan. Abokiyar aiki ido da ido a lokacin hutu tana nan, ita ma ai kallo ne, har ya fi na waya. Darasi da malamar ta murya zalla yana nan, manhajojin nan masu ƙirƙirarriyar basira irin ChatGPT ma ana hira da su da baki, suna sa harshe ya saki duk da basu da idon da zai tsorata ki. Ki yi sati uku ko huɗu a haka yana gani, sannan ki sake ɗago maganar, in ta kama ki sa wanda yake jin nauyi, yayansa ko wata babbar nas da ya sani, ba don a kai ƙararsa ba sai don a yi masa bayanin yadda jarrabawar take. Kuma ko ya yarda ko bai yarda ba, kada ki biya kuɗin zama na uku sai wadda ta san aikin ta yi miki gwaji cikakke aƙalla sau biyu ta ce kin taɓa 7. Allah ya daidaita tsakaninku ya ba da sa'a, ki rubuto min yadda kuka yi da shi kan zancen tafiyar.